Aljani Ba Ya Ɗinke Labari

Wanda ya sha wahalar Yaƙi da Jahilci har ya iya karatu, bai kamata a sāka masa da labari marar kan gado ba. A dubi Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga cikin 1934. Muddin jarumin yana Kwantagora yana karawa da Turawa, gaban mai karatu faɗuwa yake yi, gama harsashi ba sani ba sabo. Amma da ya shiga ƙasar aljanu sai fargaba ta ƙare, ko wa ya tare shi ya sha ƙasa. To, ina daɗin nasarar wanda ba a iya kayarwa? Masu kwaikwayon wannan rabin littafin su sani, aljani ba ya ɗinke ɓarakar labari.