Sharhi: Ƙwaƙwalwar Yaro Ba Ta Jure Yunwa



Duk damina, asibitin yara da ƙungiyar likitoci ta MSF ke gudanarwa a unguwar Gwange ta Maiduguri yakan cika da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya kayar. Idan aka shigo da yaro yana jijjiga ko ya suma, cikin abubuwan farko da ma'aikata ke yi akwai tsira masa allura a ɗan yatsa, su ɗiga jini a 'yar na'ura, su duba sukari. Uwa tana iya cewa, ana ta rai, wa ke ta sukari? To, dalilin yana cikin kai.

Ƙwaƙwalwar babba ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa. Ta yaro ɗan shekara biyar ta fi haka ci nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin da ke tunani kuwa da sukari suke aiki, amma ba su iya ajiyarsa. Wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, waɗanda masana ke kira astirosait, su ke musu hidima: hannu ɗaya a kan jijiyar jini, ɗaya a kan ƙwayar tunani. An daɗe ana raina su, ana ganin ciko ne kawai. Sai a 1990 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka ga sinadarin kalsiyam yana yawo daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Ashe labari suke ba juna. A 1994 Pellerin da Magistretti na birnin Lozan suka ce astirosait ne ma ke sarrafa sukarin kafin su miƙa wa ƙwayoyin tunani, ko da yake har gobe masana na gardama kan wannan.

Astirosait suna da ajiyar sukari, amma ɗan rumbu ne da ba ya kai ko'ina. Yaron da ya kwana biyu bai ci ba, ga amai, ga ƙwayar cuta ita ma tana shan sukarin jininsa, nan da nan ajiyar take ƙarewa. Jinkiri na iya barin sa da tabon da zai bi shi har aji.

Don haka iyaye, yaro mai zazzaɓi in yana iya haɗiya, a ci gaba da ba shi nono ko kunu. In ya suma, kada a ɗura masa komai, kada a tsaya hayaƙi ko jiran maigida ya dawo kasuwa. A kwantar da shi ta gefe, a tari Keke Napep, a nufi asibiti.