Nakiya mai roka a mashigin Hormuz: me ya haɗa ta da kuɗin motar shanunmu?

Kafin Baba ya yi lodin shanu daga Potiskum zuwa Legas, kuɗin gas yake fara tambaya, don da shi direban tirela ke yanka mana kuɗin mota. Shi ya sa na sa ido kan mashigin Hormuz, siririn ruwan da ke tsakanin Iran da Oman, inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ke bi. A watan Yunin 2025, bayan Amurka ta kai wa Iran hari, majalisar ƙasar ta goyi bayan rufe shi.

To da me za a rufe teku? Da nakiya. Tsohuwar nakiya ana ɗaure ta da waya kusa da saman ruwa, sai jirgi ya taɓa ta take fashewa. Irinta ce ta huda jirgin yaƙin Amurka Samuel B. Roberts ranar 14 ga Afrilun 1988. Amma ita ana iya share ta: a yanke wayar, ta taso, a harbe ta.

Mai roka dabam take. Tana laɓe can ƙasa cikin zurfi, na'urarta na sauraren ƙarar injin jirgi. Da ta ji ya zo samanta sai rokar ta kunna, ta cillo ta sama ta daki cikin jirgin kafin matuƙi ya juya. Tarayyar Sobiyet ce ta fara fito da ita a 1957, mai suna KRM. Daga baya Sin ta ƙera EM-52, wadda rahotanni suka daɗe suna cewa Iran ta saya.

A ganina ƙarfinta ba a fashewa kawai yake ba, a tsoro yake. Ko ɗaya ba ta tashi ba, jita-jitar an dasa ta ta isa kamfanonin inshora su ƙara kuɗi, jirage su tsaya, farashin ɗanyen mai ya hau. Mu kuma ko a gida aka tace, da farashin duniya ake lissafa mana.

Jama'a, mai niyyar lodi ya riƙa bin labarin nan. A gama magana da direba tun da wuri, a kuma bar rarar kuɗi a aljihu, kada ribar sa ta ƙare a tankin mota.