KAFIN A SA DIGA A RIRUWAI, A TAMBAYI MANOMAN KURA

Ya 'yan'uwa, duk sanda aka tayar da maganar farfaɗo da haƙar ma'adinai a Riruwai, ta Ƙaramar Hukumar Doguwa, sai ka ji ana lissafin kuɗin shiga da ayyukan yi, amma ba ka jin wanda ya ambaci ruwa. Mu kuwa muna cewa manomin Kura da Bunkure da Garun Malam yana da haƙƙi a cikin wannan zance, domin daga tsaunukan kudancin jiha Kogin Kano yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a Dam ɗin Tiga wanda aka kammala a 1974. Daga can ne ruwan yake biyo babbar kwata ta Ruwan Kanya zuwa fagagen shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa. Abin da aka zuba a can, a nan za a sha shi.

Ba kuza kaɗai ke cikin dutsen Riruwai ba. Akwai tutiya, akwai dalma, haɗe da kibiritu. Muddin suna binne ba su cutar da kowa. Amma idan aka fasa dutsen aka jibge tarkacensa a sarari, iska da ruwan sama suka same shi, sai ya fitar da ruwa mai tsami wanda yake narkar da ƙarafan nan ya tafi da su. Ƙasarmu kuma mai rairayi ce, ba ta riƙe abin da aka zuba mata, ga shi shekarun ban-ruwa sun ɗago ruwan ƙarƙashin ƙasa har rijiyoyinmu ba su da zurfi. Dalma ba ta ruɓewa, tafasawa ba ta kawar da ita, kuma yaro ƙarami ta fi kamawa, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Wanda ya ɗauki wannan tsoratarwa ce kawai, to ya tuna Zamfara. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba ta samu wannan aikin ba sai 2013. A 2015 aka maimaita a Shikira ta Jihar Neja. To, idan tsakar gida ta kankaru, wa zai kankare dubban hektocin Kadawa?

Za su ce akwai doka. Ƙwarai akwai. Dokar soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli kafin a fara shi, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta shar'anta yarjejeniya da al'ummar wurin. Sai dai kamfanin da ke neman lasisi shi ke biyan mai binciken, rahoton kuma ya fito da Turanci, a ajiye shi a ofis. Wane irin shaida ne wannan, wanda mai ƙara ya ɗauko haya? Diyya ma, bisa dokar filaye ta 1978, ta shuka da gini ce, ba ta ƙasar ba, balle ruwan da ke ƙarƙashinta. Alhali tun ƙarnoni malaman fiƙihu suka sanya wa rijiya harami, wato kewayen da ba a barin wani ya yi haƙan da zai janye ruwanta ko ya ɓata shi.

Ba mu ce ma'adinai haramun ba ne. Abin da muke nema daga Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da Gwamnatin Kano shi ne a auna ƙasa da rijiyoyi da ruwan kwata tun yanzu, rani da damina, a hannun masana daga jami'o'inmu waɗanda ba kamfani ke ciyar da su ba, a karanta sakamakon da Hausa a gaban ƙungiyoyin masu ban-ruwa. Ba tare da awon farko ba, ranar da rijiya ta gurɓace kamfani zai ce haka ya tarar da ita, manomi kuma ba shi da hujja. Dagatai da masu unguwanni kada su sa hannu a kowace takarda kafin wannan awon ya fito.