Wakilin da ba mu zaɓa ba, da bakin wa yake magana?

Uba gari ɗaya ne mai gwamnati biyu: wani ɓangare a ƙaramar hukumar Hong ta Adamawa, wani a Askira/Uba ta Borno. Don haka ba mu buƙatar a koya mana amfanin haɗin gwiwa. A Oktoban 2014, da Boko Haram suka shigo Uba suka wuce Mubi, ba su tambayi kowa jiharsa ba. Da aka ƙwato Mubi a Nuwamba kuwa, mafarauta da 'yan banga ne suka dafa wa sojoji. Jama'a sun yarda da wannan haɗin kai domin sun san mutanen, sun kuma ga aikin da idonsu.

To, yau fa? Abu kaɗan sai ka ji an kafa kwamiti: ga jami'in ƙaramar hukuma, ga masarauta, ga ƙungiyar agaji, ga “wakilan al'umma”. Su wane ne wakilan nan? Wa ya tura su? A irin wannan zama ake rubuta sunayen masu karɓar taki, ake yanke inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Mu kuma a unguwar Hausawa sai dai mu ji labari bayan an tashi. Ranar haraji 'yan gari ne mu, ranar rabo baƙi.

Wasu za su ce ai tunda rijiya ta ba da ruwa, ina ruwanmu da wanda ya zauna? Da ruwanmu mana. Kansila in ya gaza, muna da ƙuri'ar kayar da shi. Kwamiti in ya gaza, Yola ta ce a tambayi Maiduguri, ƙungiya ta ce a tambayi hukuma, tuhuma ta ɓace a hanya. Rijiyar da ba a shawarce mu a kanta ba, ranar da ta lalace babu mai gyara ta.

Buƙatunmu uku ne. Unguwa ta zaɓi wakilinta a bainar jama'a, da kujerar mata da ta matasa. A liƙa sunayen masu amfana da adadin kuɗin aiki inda kowa zai karanta. Wakili ya dawo ya yi mana bayani bayan kowane zama.

Kwamitin da ya cika waɗannan, za mu ba shi ƙarfinmu da aljihunmu. Wanda ya ƙi, to ya daina cewa da yawunmu yake magana.