Mage ba ƙaramar akuya ba ce

Da an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi an cika rumbuna, sai a fara cigiyar ƴan mage. Daga Bande har Sassumburum, daga Dogo-Dogo har Malawa, matar da kyanwarta ta haihu a wannan lokaci ba ta rasa masu sallama: "Inna, don Allah in sun yi ƙwari a ajiye mini ɗaya." Ɓera ne ya jawo wannan farin jini, don shi ma ya san an yi kaka. Mai kanti na nema saboda buhunan gyaɗa da masara, uwargida na nema saboda ɗakin ajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin shawarwarinta na kauce wa zazzaɓin Lassa da ɓeraye ke yaɗawa, ta ambaci ajiye mage a gida.

Amma koma bayan wata biyu ka tambayi labarin waɗannan ƴan mage. "Ai ba ta yi ba." Shi ke nan, an rufe magana. Da ɗan akuya ne ya mutu, da an bi diddigi har an gano ciyawar da ya ci.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. A yankin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro tun 2005, a ƙasar da asibitin yara na Magarya ke cika maƙil duk damina, wane mai hankali ne zai ɓata shafin jarida kan lafiyar kyanwa? Amsata ita ce, mafi yawan abin da zan faɗa ba ya cin ko dala. Wanda ke cin kuɗin kuwa, wato allurar ciwon haukan kare, don yaran gidan ake yin ta kafin don magen. A ganina ƴan magenmu ba rashin likita ne ya fi kashe su ba. Gaggawarmu ce, da kuma maganin da muke ɗura musu da kyakkyawar niyya.

Gaggawar tana farawa ne daga rabo. Ɗan mage yana zuwa duniya da nauyin kusan giram 100, ido a rufe har kwana 7 zuwa 10, kuma a makonni 3 na farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi sai ya raɓu da uwa. Ko fitsari ba ya yi sai ta lashe shi. Yakan fara taɓa abinci a mako na 4, amma yaye ba ya kammala sai mako na 8. Mu kuwa da ya buɗe ido ya fara tangaɗi a tsakar gida sai a ce ya isa, a saka shi a kwali a ba yaro ya kai gidan gwaggo, don kada wani ya riga. Can zai tarar da hunturu da ƙwaryar fura. Wanda ya haƙura har wata 2 ya samu mage mai ƙarfi, wadda kuma ta ga yadda uwarta ke farauta, abin da aka ɗauko ta dominsa ke nan.

In uwar ce ta mutu, ko aka tsinci ƴaƴan a bayan gari, sai a fara da ɗumi kafin abinci: tsumma a kwali, nesa da iska. Madarar shanu tana sa su zawo. Inda babu madarar da aka yi musu musamman, ta akuya da aka dafa aka kaɗa da ɗan gwaiduwar ƙwai tana tsayar da rai, kaɗan-kaɗan duk awa 2 ko 3, yana kife a kan cikinsa, ba a rigingine ba, don kada ta bi ta huhu. Bayan ya sha a goge masa ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi. Aiki ne, ban ce ba aiki ba ne. Da ya girma kuma, a tuna mage maciyar nama ce tun halitta. Akwai wani sinadari, tawurin, da jikinta ba ya haɗa isasshe sai ta samu a nama ko kifi, rashinsa yana makantar da ita ya kuma lalata zuciya. Tuwo da koko kaɗai ba su riƙe ta. Kan kifi, dafaffen hanjin kaza, ɗan ƙwai, sun wadatar. Miyar da ta ji albasa da tafarnuwa kuwa tana fasa mata ƙwayoyin jini.

To, wa za a kai wa in ta kamu da ciwo, ko don riga-kafi? A Yamai ko Kano mutum na iya zaɓe tsakanin asibitocin dabbobi. A Magarya da Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, lissafin daban ne. Akwai ofishin kiwo na gwamnati da malamansa. Akwai tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauye, wanda aka fara a Dakoro a 2003 da hannun ƙungiyar Karkara da likitocin dabbobi na Beljiyam, ya bazu zuwa gundumomi da dama. Cikakken dakta, irin wanda ya fito daga makarantar Dakar da aka kafa a 1968 ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba a kowane gari ake samunsa ba. Dukansu kuma an gina aikinsu ne kan dukiya: saniya, tunkiya, akuya, raƙumi. Allurar da cibiyar LABOCEL ta Yamai ke sarrafawa, da zagayen riga-kafin kyauta na kowace shekara, na ciwon huhun shanu ne da annobar awaki da tumaki da makamantansu. Ba laifinsu ba ne, abin da ƙasa ta sa a gaba ke nan. Sai dai malamin da ya yi shekaru yana ɗura wa bijimai magani yana iya zama bai taɓa riƙe ɗan mage a hannunsa ba.

Akwai kuma wanda ya fi su duka kusa da jama'a, mai shimfiɗa tabarma ranar kasuwa da kwalabe a rana. Kayansa sun bi ta iyaka daga Maigatari ko Babura, wasu na kirki, wasu sun gama aiki, wasu Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Shi ba ya taɓa cewa ba shi da magani.

Ga ma'aunina na farko wajen zaɓen malami. Malamin da zai dube ka ya ce "wannan ba ni da shi, sai an aika Damagaram," shi ne na riƙewa. Ka lura kuma da abin da ya fara yi: ya tambayi watanninta ya auna nauyinta, ko ya zaro sirinji tun kana bayani? Maganar nauyin nan ita ce komai. Ɗauki allurar Ivomec da kowane makiyayi ya sani, wadda ake yi wa saniya mililita 1 ga kowane kilo 50. Ɗan mage mai rabin kilo, rabonsa a wannan lissafi kashi 1 cikin 100 na mililita ne, ɗigon da sirinjin shanu ba ya ma iya aunawa. Wanda ya ce "bari a ɗan sa mata kaɗan" ya riga ya ba ta ninki goma ko fiye, sai ka ga tana layi, ido ya buɗe, ta kwanta ba ta tashi ba. Babbar ƙwayar tsutsa ta albendazol da ake gutsurawa tana iya lalata mata ɓargo. Alhali akwai pirantel, maganin tsutsa mai sauƙin kuɗi da ya dace da ƙananan maguna, wanda malami zai auna gwargwadon nauyi. Suna bukatarsa, don tsutsar ciki tana bin nonon uwa ta shige su: daga mako na 3, duk mako 2 har a yaye su, sannan wata-wata har su kai wata 6. Ɗan mage mai tulun ciki da ƙashin baya a waje, yawanci tsutsa ce. Ƙwanta kuma yana fita a kashi ya zauna a ƙasar da yaranmu ke rarrafe.

Mafi ban takaici shi ne parasitamol. Uwargida ta ga mage ta yi laushi, jiki da zafi, sai tausayi ya kama ta, ta ɓallo ƙwaya daga wadda take ba yara. Hantar mage ba ta da abin narkar da wannan magani. Jininta yakan koma ruwan ƙasa ya kasa ɗaukar iska, fuska da tafuka su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwaya 1 ta miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa, balle jaririya. Haka maganin kaska da ake zuba wa shanu a gadon baya, haka fiya-fiya, haka kalanzir. Mage tana lashe jikinta, duk abin da aka shafa mata ciki zai shiga, kuma masu sinadarin permetirin suna sa ta karkarwa da farfaɗiya ko da ba ta lasa ba. Ƙuma a jikin ƙaramin ɗan mage, mataji mai ƙananan haƙora da ruwan ɗumi sun isa, a tsane shi sosai, a wanke shimfiɗarsa a shanya a rana. Idon da ya manne da kwantsa a goge da ruwan da aka tafasa ya huce, in bai washe ba a kai wa malami. Wanda ya zuba shinkafar ɓera kuma ya ajiye mage a ɗaki ɗaya, ya zaɓi ɗaya.

A littafin likita, ɗan mage yana karɓar allurar haɗe ta murar maguna da ta wani ciwon amai da zawo mai share ƴaƴan gida kaf, daga mako na 6 zuwa 8, ana maimaitawa har mako na 16. Wannan allura ta manyan birane ce, mai hali ya sa a kawo masa cikin sanyi. Marar hali ya san cewa ƙwayar ciwon tana iya shekara a wuri ba ta mutu ba, saboda haka in ƴan mage sun mutu da amai da zawo a ɗaki, a wanke shi da ruwan jabel, kada a yi saurin kawo wani.

Allurar da ba na yi wa kowa uzuri a kanta ita ce ta haukan kare. Ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Gaskiya ne kusan duka ta cizon kare yake zuwa. Amma karen da ya haukace ba ya tsallake mage, ita kuma ita ce ke kwana a ɗaki, ita ce yaro ke ja wa wutsiya. Ciwon yakan yi wata 2 ko 3 a ɓoye, lokacin an manta da cizon, kuma da alamunsa sun bayyana sai dai addu'a. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar a kan wani yaro a Faransa ya tsira, duniya kuma ta sa 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya. Mage tana karɓar tata daga wata 3, a maimaita bayan shekara. A nan ma a buɗe ido: a ga an ciro kwalbar daga firji ko akwatin ƙanƙara, a duba ranar ƙarewarta, a karɓi takarda mai kwanan wata. A kuma tambaya ko ta dace da mage, don cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, ta kare daban take yi, ta mage daban, kuma irin mai rai da aka yi don kare ba a yi wa kyanwa. In mage ko kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba a tsaya shafa toka ba. Dabbar a tsare ta a sa mata ido aƙalla kwana 10 da sanin malamin dabbobi, maimakon a kashe a jefar a rasa shaida.

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, ta haihu bayan kwana 63 zuwa 65, sau 2 ko 3 a shekara. Abin da ke biyo baya kowa ya gani: buhu a bakin kasuwa yana motsi. Mu da muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha, bai kamata wannan ya zama mana abin dariya ba. Fiɗiye muzuru ɗan gajeren aiki ne a hannun dakta mai maganin sa barci, ba a yi masa irin na bunsuru. Malamai sun yi saɓani kan hukuncinsa, kowa ya tambayi nasa. Allurar tsarin iyali ta mata da wasu ke yi wa kyanwa kuwa tana iya tara mata ruwan mugunya a mahaifa.

Abin da ke hana malaman kiwo ajiye allurar hauka a ƙananan garuruwa ba ɓoyayye ba ne. Sau da yawa kwalba 1 ta dabba 10 ce, in an buɗe ba ta jira, ba kuma wanda zai sayo ta don mage ɗaya. Maganin wannan yana hannun mai unguwa. Ya sa a rubuta gidajen da ke da kare ko mage, a haɗa kuɗin, a tsayar da rana da ofishin kiwo. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon a duniya, ta faɗo daf da kaka, ba ta yi nisa da lokacin da ake rabon ƴan mage ba. Ko kuma hukumomin Magarya da Dungas su roƙi a saka ƴan kwalabe a akwatin ƙanƙarar da ke zagaya rugage da mashaya duk shekara, tunda motar da man da malamin duk an riga an biya. Ranar da za a kai ta, a sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, babba ya riƙe, don magen da ta tsorata tana yakushin ko mai ba ta abinci.