Kada A Toshe Ɗakin Janareta Da Batir

Daga Moriki zuwa Ƙauran Namoda, shaguna da gidaje sun dogara da janareta da sola. Amma saboda ɓarayi da ƙurar hunturu, wasu kan toshe tagogin ɗakin injin ruf. Wannan ganganci ne.

Hayaƙin janareta na ɗauke da guba marar wari, mai kashe mutum yana barci. Batir mai ruwa kuwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji; ta kai kashi 4 cikin 100 a ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa.

Fankar zuƙe iska kaɗai ba ta wadatarwa, sai da mashigar iska a ƙasa, mafita a sama, salansa a waje. Ragar ƙarfe ta ishi ɓarawo. Masu haɗa sola su ƙi duk aikin da babu waɗannan.