Wa Zai Riƙe Makullin Intanet?

Ran 17 ga watan Maris na 2023 ne Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka. Ita ce ta maye gurbin wadda gwamnatin soja ta kafa a 1988, watau zamanin da ɓarawon waƙa sai ya tanadi injin naɗar kaset da ɗakin ajiya da motar kai kaya kasuwa kafin ya ci gumin wani. Yau kuwa wayar hannu guda ta ishe shi.

Ba mai musun cewa ana bukatar dokar. Masu shirya fina-finai a Legas sun daɗe suna kuka da kasuwar Alaba, takwarorinsu na Kano kuwa da idonsu suka ga cinikin faifai ya mutu, bayan da shagunan tura fim a waya suka cika unguwanni. Mutum ya ci bashi, ya biya 'yan wasa, ya kwana a dawa wajen ɗaukar hoto, sa'an nan wani da bai zuba ko kwabo ba ya kwashe ribar. Saboda haka dokar ta tanadi cewa mai haƙƙi na iya rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da kayan satar a intanet ya sauke su, wanda aka zarga kuma yana da damar mai da martani idan ya ga an zalunce shi. Wannan tsari ne mai kyau, gama kowane ɓangare ana jin ta bakinsa.

To, amma akwai sashe na 61, wanda ya kamata mai karatu ya dube shi da idon basira. Sashen ya ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ikon toshe duk wani shafi ko mahaɗa ko abin da aka ɗora a intanet, muddin tana da dalilin gaskata cewa an keta haƙƙin wani. Bai ce sai ta je gaban alƙali tukuna ba. Ke nan hukuma guda ita ce mai bincike, ita ce mai yanke hukunci, ita ce kuma dogarin da zai zartar. Ko da jami'anta na yau mutanen kirki ne, doka takan daɗe fiye da waɗanda aka fara damƙa wa ita.

Wanda ya ce wannan tsoro ba shi da tushe, sai ya tuna da abin da ya auku a watan Yuni na 2021, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter bayan kamfanin ya share wani saƙo na Shugaban Ƙasa. Wata bakwai aka yi ƙofar na garƙame, har zuwa 13 ga Janairu na 2022, kuma daga baya Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Gaskiya ne wancan al'amari bai shafi haƙƙin mallaka ba, amma ya nuna yadda hannun hukuma ke saurin kai wa ga makulli. Jaridar da ta buga takardar da ta tona asirin wani babba, ba wuya a ce ta saci rubutun da ba nata ba.

A Ingila ma ana toshe shafukan satar fim, amma da umarnin kotu. A 2011 sai da kamfanonin fim suka kai ƙara Babbar Kotu kafin a tilasta wa kamfanin sadarwa na BT ya toshe shafin Newzbin. A Amurka kuwa, da aka kawo ƙudurin SOPA mai neman faɗaɗa ikon toshe shafuka, Wikipedia ta Turanci ta rufe kanta yini guda ran 18 ga Janairu na 2012 don nuna ƙin amincewa, bayan 'yan kwanaki majalisa ta jingine ƙudurin.

Masu goyon bayan sashen na cewa shari'a a ƙasar nan tafiyar hawainiya take yi, fim kuwa a makonsa na farko yake cin kasuwa ko ya faɗi. Hujja ce mai nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Sai dai alƙali na da ikon ba da umarnin gaggawa kafin a zauna sauraron ƙara, kuma Tsarin Mulki ya riga ya ɗora shari'un haƙƙin mallaka a wuyan Babbar Kotun Tarayya. Abin da ya rage wa Majalisar Tarayya shi ne ta gyara sashen, ta wajabta wa Hukumar neman izinin wannan kotu kafin ta toshe shafi, a kuma ƙayyade kwanakin da mai shafin zai bayyana ya kare kansa.